Tiyo zuwa waje, gawayin tacewa ko sodalayim: wanne zai kare tankin murjani daga hayaƙin gida a Legas?

Shekarar da na fara kiwon murjani mai rai, wato halittun teku masu kama da fure ko dutse, a tankin ruwan gishiri a falona, ɗaukewar wuta kaɗai nake tsoro. Na sayi inbata, na sayi na'urar sanyaya ruwa, na riƙa lissafin batir kamar mai shirin jarrabawa. Ko kusa ban kawo wa raina cewa iskar da ni da iyalina muke shaƙa ce za ta fara yi mini ɓarna ba. Wata safiya na tashi na tarar da jatan landen nan jajaye masu share jikin kifi sun kwanta a kan yashi, ƙafafu sama. Kifayen na nan da rai, sai dai suna ta haki a saman ruwa. Na gwada gishiri, lafiya lau. Na gwada zafi, digiri 25. Sai da rana ta ɗaga yaron gidanmu ya ce, "Yallaɓai, jiya da kuka fita na fesa maganin sauro a falo, amma wallahi ban fesa wajen kifin ba."

Kuma gaskiya ya faɗa. Bai fesa wajen kifin ba. Tankin ne ya je ya ɗauko maganin da kansa.

Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan tanki ba zai ɗauka wasa nake yi. A tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, akwai na'urar kumfa, wadda masu harkar ke kira sikima. Aikinta ta zuƙi iska, ta dake ta da ruwa har ta zama kumfa, kumfar ta kwashe ƙazantar ruwa ta zuba a kofi. Matsakaiciyar sikima tana iya zuƙar lita 500 ta iska a awa guda. In ka lissafa, lita 12,000 ke nan a yini da kwana, kuma duk abin da ke cikin iskar nan sai an wanke shi tas a cikin ruwan da murjaninka ke zaune. Ƙara da saman ruwan, wanda injinan tura ruwa ke motsawa dare da rana. Duk abin da ya shiga hancin mutanen gida, tankin ya sha rabonsa.

'Yan uwa da dama a Agege, Surulere da Lekki sun tambaye ni abin da ya kamata su saya. Amsar ba ɗaya ba ce, domin matsalar ma ba ɗaya ba ce. Biyu ce, kuma na'urar da ke maganin ɗaya ba ta san ɗayar ba. Nan ne yawancinmu ke zubar da kuɗi.

Ta farko mai kisa a hankali ce: iskar kabon dayoksaid, wato wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. Ba ta da wari, ba ta da launi. A waje tana kusan kashi 420 cikin miliyan. A ɗakin da aka rufe ruf, da mutane a ciki, tana iya wuce 1,000, wani lokaci ta doshi 2,000. Babban mutum ɗaya yana fitar da kusan kilo ɗaya a rana. Kilo ɗaya na gas ɗin girki idan ya ƙone yana ba da kusan kilo 3, ka ga tukunyar gas mai kilo 12.5 ta sako wa gida fiye da kilo 35 kafin ta ƙare. Idan iskar nan ta narke a ruwa sai ta koma ɗan tsami, ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, ya sauka. Ruwan teku yana wajen 8.1, mu kuma muna neman tanki ya zauna tsakanin 8.1 da 8.3. Murjani mai ƙashi yana gina jikinsa ne da alli, kuma in ruwa ya yi tsami ginin yakan yi masa wuya. Ba zai mutu ranar ba. Zai dai tsaya cak, launinsa ya dusashe, kai kuma kana ta canza fitila da ƙara magunguna ba ka san inda gizo ke saƙa ba. Kada ƙanƙantar lambar ta yaudare ka: saukar 0.3 a ma'aunin pH tana nufin tsamin ya ninka sau biyu.

Akwai abin da mutanen Legas ba su cika lura da shi ba. Iyakwandishan ɗin bango, mai inji a waje da kai a ciki, ba ya shigo da sabuwar iska ko kaɗan. Iskar ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta. Gida mai tagogin alminiyom a rufe da sanyi mai daɗi shi ne gidan da tankinsa ya fi shan wahalar nan.

Ta biyu mai kisa farat ɗaya ce: guba da ƙamshi da maiƙo da ke yawo a iska. A nan sarki shi ne maganin sauro. Na gwangwani da ake fesawa, da igiyar leko, da ɗan ruwan da ake maƙalawa a soket, kusan duk dangin sinadari ɗaya ne da ake kira fairetiroid: aletirin, firaletirin, tiransfulutirin da 'yan uwansu. Jikin ɗan Adam yana saurin narkar da su. Kifi ba ya iyawa da sauri haka, jatan lande da ƙaguwa kuwa dangin ƙwari ne na kusa, abin da ya kashe sauro su ma ba zai bar su ba. Shi ya sa su ne farkon faɗuwa. Fiya-fiya da Sniper kuma wani gida ne daban, sinadarinsu dikolobos, wanda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019 amma har yau ana yayyafa shi a lungunan gidaje. Don ka san ƙarfinsa a ruwan gishiri: a da, masu gonakin kifin salmon a Norwe da Sikotlan sun yi shekaru suna amfani da shi wajen kashe ƙwarƙwatar teku, wadda ita ma 'yar uwar jatan lande ce.

Bayan maganin sauro sai fenti mai mai da tinna, bilic, Izal, kafur ɗin da ake jefawa a banɗaki, feshin ƙamshin ɗaki, hayaƙin taba da shisha, suyar da ta cika kicin, da hayaƙin janareta. Sai kuma wanda ya fi wuyar magana a gidan Bahaushe, turaren wuta. Zan dawo kansa.

Kafin ka kashe ko sisi, gano wacce ke damunka. Gwajin ba ya cin kuɗi. Ɗebi ruwan tanki a kofi, ka auna pH. Sa ƙaramin injin iska ya yi ta hura shi na awa ɗaya a cikin falo, ka sake aunawa. Sai ka ɗebi wani kofin ka yi haka a waje, nesa da janareta. In na waje ya tashi sosai na ciki bai motsa ba, iskar gidanka ce mai laifi. In duka biyun sun tashi, to tankin ne ba ya samun isasshen motsi a samansa. In duka ba su tashi ba, duba alkalin ruwanka, wato ƙarfinsa na kashe tsami, wanda ya kamata ya zauna tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, ko ka gyara na'urar awon. Ni gwajina ya zo ba shiri: mun tafi Kano hutun Sallah, na bar maƙwabci yana leƙa tankin, na dawo na tarar da pH ya hau zuwa 8.2 daga 7.8 da na saba gani da asuba. Babu abin da ya canza sai mutum bakwai da suka daina numfashi a falon da murhun da ya huta.

Guba kuwa alamarta daban ce. Jatan lande da ƙananan halittun cikin dutse su mutu lokaci guda, murjani ya tsuke, kifi ya riƙa fizge-fizge. In maiƙo ne ko hayaƙi, za ka ga kumfar sikima ta rushe ta kwanta. Wani lokaci kuma akasin haka, ta haukace ta cika kofi ta yi ambaliya.

Yanzu ga zaɓuɓɓukan.

Buɗe taga shi ne mafi arha, kuma yana aiki a kan kabon dayoksaid fiye da kowace na'ura, domin yana gyara iskar ɗakin gaba ɗaya, har wadda saman ruwa ke sha. Amma wannan shawara ce ta mutanen ƙasashe masu sanyi. A Legas daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi yana wuce digiri 32, murjani kuma yana son 24 zuwa 26. Ka buɗe taga, na'urar sanyaya ruwa ta kwana tana ruri, batir ya ƙare. Ga sauro, wanda shigowarsa ce za ta sa uwargida ta ɗauko gwangwanin fesawa. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya yi mini amfani shi ne buɗe tagogi biyu masu kallon juna na minti ashirin zuwa talatin bayan sallar asuba, lokacin da gari ya yi sanyi, yawancin janaretoci sun yi shiru, motoci ba su fito ba. Da raga a jikin tagar, ba shakka. Da fankar zuƙe hayaƙi a kicin wadda ke fitar da shi waje da gaske, ba irin wadda ke tace maiƙo ta maido da iskar cikin ɗaki ba.

Na biyu, jan tiyo daga bakin sikima zuwa waje. Wannan ne kowa ke yabo a intanet, kuma da dalili: kuɗin tiyo kawai za ka biya, babu abin da ke ƙarewa, sikima kuma ta daina shan iskar falo baki ɗaya. Turare, suya, feshi, numfashin baƙi, duk ta huta da su. Yawanci pH kan ɗan tashi, ko da ba zai kai yadda kake buri ba, tunda saman tankin yana nan yana shan iskar ɗaki.

Tambayar da ba a yi ita ce: wace iska ce a wajen naka? Wanda ke zaune a unguwa mai bishiyoyi a Ikoyi, ko a hawa na shida yana kallon teku, amsarsa daban da ta wanda ke gidan haya a Idi-Araba ko Mile 12, inda tsakanin bango da bango bai wuce taku uku ba, kuma kowane mai ɗaki yana da ƙaramin janaretansa a lungun. Ƙananan nan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai sun fi kowa ƙazanta, domin man da bai ƙone ba yana fita tare da hayaƙin. In bakin tiyonka yana lungun nan, ka ɗauko hayaƙi ka kai shi zuciyar tanki da hannunka. Ka gudu wa gara ka faɗa wa zago. Haka in an zo feshin ƙwari a harabar gida, ko maƙwabci ya kunna shara, ko masu fenti sun hau bangon waje. Mutanen Ojota da Ketu ba za su manta da gobarar juji ta Olusosun a watan Maris na 2018 ba, lokacin da hayaƙi ya kwana ya wuni a kansu. A irin wannan mako, iskar falo ta fi ta waje tsafta.

In za ka ja tiyon, ja shi da tunani. Fitar da shi ta ɓangaren da babu janareta, ka ɗaga shi sama iyakar iyawarka. Bakin ya kalli ƙasa don ruwan sama, ka sa masa raga don tururuwa da tsaka, ka cusa ɗan audugar tacewa don ƙurar hunturu a Disamba da Janairu. Yi amfani da tiyo mai faɗi fiye da bakin sikimar, domin siriri mai tsawo yana shaƙe ta, kumfa ta ragu. Sannan akwai abin da ya ba ni wahala wata biyu kafin na gane: iskar Legas jiƙe take, in ta shigo ɗaki mai sanyi sai raɓa ta taru a inda tiyon ya lanƙwasa, ta toshe hanya. Ka bar masa wurin tsiyaya. Kuma ka yi mahaɗar yadda za ka iya zare ta cikin daƙiƙa biyu ranar da ka ji ƙarar injin masu feshi.

Na uku, gwangwanin gawayin tacewa a bakin iskar sikima. Ba gawayin girki nake nufi ba, kada wani ya je ya daka na mai suya. Wannan an gasa shi ne ta hanya ta musamman har jikinsa ya zama ramuka, giram ɗaya yana da faɗin da ya kai kusan murabba'in mita 1,000. Yana kama tururin fenti, ƙamshi, maganin ƙwari da mafi yawan abin da ke wari. Wanda aka yi da ɓawon kwakwa ya fi dacewa da iska saboda ƙananan ramukansa. Yana da arha, kana iya haɗa gwangwanin da kanka da guntun bututun roba.

Inda ƙarfinsa ya ƙare kuma a fili yake. Ba ya taɓa kabon dayoksaid, don haka pH ɗinka ba zai motsa ba. Ba ya riƙe kabon monoksaid, iskar gubar da janareta ke fitarwa. Damshi yana rage masa ƙarfi, ga shi Legas garin damshi ce, ramukan da ya kamata su kama guba sai ruwa ya cika su. Mafi muni, ba ya nuna ya gaji. Wanda ya cika da wanda aka sa jiya kamarsu ɗaya. Na ga mutum yana nuna mini gwangwaninsa da alfahari, da na tambayi ranar da ya canza gawayin sai ya ce tun yana Apapa, alhali ya tashi daga can ya fi shekara. Ni ina canzawa duk farkon wata, da kuma washegarin duk wani fenti ko feshi. Ina rubuta ranar a jikin gwangwanin.

Wannan daban da gawayin da ake sakawa a cikin ruwa, wanda shi ma dole ne a gidan da ke da iyali. Na iska mai gadin ƙofa ne, na ruwa kuma yana kama wanda ya tsallako katanga.

Na huɗu, sodalayim. Fararen ƙwayoyi ne, mafi yawansu farar ƙasa ce da aka jiƙa, tare da ɗan soda mai ƙarfi. Su ne ake sakawa a na'urar sa barci a ɗakin tiyata don su tsotse kabon dayoksaid daga numfashin majiyyaci. In iska ta ratsa su kafin ta shiga sikima, tana isa kusan babu wannan iskar a cikinta. A fagen ɗaga pH babu abin da ya kamo shi cikin na'urorin da ake maƙala wa sikima, har ya fi tiyon waje, tunda iskar waje ma tana da 420 ɗinta. Kuma yana da halin kirki guda: in ya ƙoshi yana juyawa daga fari zuwa shuɗi mai ja-ja, ka san lokacin canji ya yi.

Amma cin kuɗi gare shi kamar mota mai yoyon tanki. Koma kan lissafin nan na lita 12,000. In iskar falonka tana da kashi 1,000 cikin miliyan, ƙwayoyin suna haɗiye lita 12 na kabon dayoksaid kullum. In daga waje iskar ke zuwa, lita 5 ne kacal. Ma'ana, gidan da ya fi bukatarsa shi ne gidan da zai fi saurin cinye shi, kuma kaya ne da galibi daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Wasu suna rage cin ta hanyar maido da iskar da ta fito daga kofin sikima ta sake ratsa ƙwayoyin. Dabara ce mai kyau, tana kuma rage shan iskar ɗaki, sai dai tana da haɗarinta: ranar da sikima ta yi ambaliya, ruwan ƙazanta zai bi tiyo ya jiƙa sodalayim, ya koma tanki ɗauke da soda. Wanda zai yi haka lallai ya sa kwalbar tarko a tsakani. Kada kuma ka yi zaton zai kare ka daga maganin sauro. Ba aikinsa ba ne.

Wa ke bukatarsa? Mai kiwon murjani masu ƙananan baki da ƙashi mai rassa, irin Acropora da Montipora, wanda yake son ya ga suna tofo. Mai murjani masu laushi, irin su lema da masu kama da fata, da kifi huɗu ko biyar, zai zauna lafiya a 7.9 muddin alkalin ruwansa bai yi ta hawa da sauka ba. Kada ya sa kansa a wahala. Akwai ma hanyoyin da suka fi sauƙi a aljihu: ɗiga ruwan farar ƙasa da dare a madadin ruwan da ya ƙafe, ko shuka gansakukar teku a tankin ƙasa a kunna mata fitila lokacin da ta sama ke kashe.

Na'urar tace iskar ɗaki ba zan daɗe a kanta ba. Matatar HEPA tana kama ƙura da toka da baƙin hayaƙi, kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, amma tururi da iskar gas suna ratsa ta kamar babu ita. Sai in tana da gawayi mai kauri a ciki, ba 'yar baƙar takardar nan da ake liƙawa don talla ba. Kabon dayoksaid kuwa ko kallonta ba ta yi. In akwai mai asma a gidan, saya don shi, tanki ya ci albarkacinsa. Don tanki kaɗai, kuɗin sun fi amfani a wani wurin.

Murfin gilashi ma haka. Yana tare ƙura da ɗigon feshi da ke saukowa, ba ya tare iska. Yana kuma riƙe zafi, ya hana ruwa ƙafewar da ke sanyaya shi, gishiri ya bushe a jikinsa ya rage haske. A garin da zafi ne babban abokin gaba, ba zan rufe tanki da gilashi ba. Raga ta isa, don kifi mai tsalle. Rufewa ta wucin gadi ce ke da amfani: in fenti ko feshi ya zama dole, kashe sikima da injin iska, rufe tankin sama da na ƙasa da leda, bar injinan tura ruwa suna aiki, sa sabon gawayi a ruwa. Awanni kaɗan kawai, domin iskar shaƙa tana raguwa a ƙarƙashin leda. Sai ka buɗe tagogi, ƙamshin ya fita sarai, sannan ka yaye.

Duk waɗannan na'urori ne. Abin da ya fi su tasiri a gidana yarjejeniya ce, kuma ita ta fi wuya. Ba za ka ce wa iyali su bar sauro ya ci su don kifi ba, zazzaɓin cizon sauro ba wasa ba ne. Mun sa raga a kowace taga, kowa ya koma gidan sauro, aka sayi abin nan mai kama da abin buga ƙwallon tanis da ke kashe sauro da lantarki, yara ma suka mayar da shi abin nishaɗi. An haramta feshi a falo da hanyar da ta bi ta cikinsa. In za a fesa ɗakin kwana, a rufe ƙofa, a tura tsumma a ƙarƙashinta, a buɗe tagar ɗakin daga baya. Na soket da igiyar leko sun bar gidan gaba ɗaya, domin an ƙera su ne musamman don su yi ta tashi a iska har gari ya waye. Gidan sauro mai magani shi ma fairetiroid ne a jikinsa, amma irin wanda ke zama a zare ba ya tashi sosai. Kada dai a wanke shi a bokitin tanki, kada a shanya shi kusa, kada kuma wani mai dabara ya yanki guntunsa ya yi wa tanki murfi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya tsoma a ruwa, kamar yadda wanda ya shafa turare ko mai zai yi.

Turaren wuta ne ya kusa jawo rikici. Hajiya ta zo daga gida da kaskonta da kwalaben da aka haɗo mata daga Maiduguri. Magariba na yi ta ɗora garwashi a tsakiyar falo, taku biyu daga tankin. Na tsaya ina kallon kumfar sikima tana kwanciya, na rasa ta inda zan fara. Da na daure na ce, "Hajiya, ko za a kai kaskon ɗakinki? Hayaƙin yana taɓa kifin," sai ta dube ni ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Duwatsun da ka sa a ruwa ne ba sa son ƙamshi?" Uwargida ce ta raba gardamar. Turare ya koma ɗakuna, ana turara kaya da labule a can, falo kuma yana samun nasa rabon sau ɗaya a mako, ranar Juma'a, da tagogi a buɗe, bayan na kashe sikima na awa ɗaya. Turare ba guba ba ne irin maganin sauro, kada a yi masa ƙage. Hayaƙi ne mai maiƙo, a kan garwashi mai fitar da nasa iskar. Jefi-jefi tanki zai jure. Kullum a rufaffen ɗaki ne matsala.

Janareta kuwa, tun kafin a zo maganar kifi, maganar rai ce. Kabon monoksaid ba ta da wari, kuma ba sau ɗaya ba mun ji iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda an shigar da inji cikin gida don gudun ɓarayi. A ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga taga in da hali, bakin hayaƙin yana kallon nesa. In tankinka ya fara nuna alamar hayaƙin janareta, 'ya'yanka sun riga shi shaƙa. Ka lura da wani abu kuma: ƙaramin injin iska mai batir da muke jefa wa tanki in an ɗauke wuta yana fara aiki ne daidai lokacin da duk unguwa ta tayar da janareta. Shi ma ka ajiye shi cikin akwati mai gawayi, ko aƙalla nesa da taga. Durom ɗin da kake haɗa ruwan gishiri shi ma tanki ne. Na taɓa ajiye nawa a sito ɗaya da jarkokin fetur, a buɗe, har na yi mamakin abin da ke sa murjani tsukewa duk ranar da na canza ruwa.

To, da kuɗina ne a hannunka, ga yadda zan kashe su. In kana sama a bene, ko gidanka yana da ɓangaren da babu janareta, ja tiyo zuwa waje ka sa gwangwanin gawayi a hanyarsa. Haɗin nan biyu ya fi kowane ɗaya shi kaɗai, kuma shi ne mafi arha a tsawon shekara. In kana ƙasa a gida mai cunkoso, manta da tiyon waje. Sa gawayi a iskar ɗaki, buɗe taga da asuba, in pH ya ƙi wuce 7.8 kuma kana da murjani masu ƙashi, sai ka ƙara sodalayim a bayan gawayin. In ba ka riga ka kafa tankin ba, kai ne mai sa'a: zaɓi ɗakin da ke da ƙofa, nesa da kicin, wanda ba a kwana a ciki, ko da baƙi ba za su gan shi da zarar sun yi sallama ba. Tanki mai lita 300 da duwatsunsa ya haura kilo 400, ba a matsar da shi kamar kujera.

Ko wanne ka zaɓa, ajiye abu biyu a gida kullum: gawayin ruwa da ba a buɗe ba, da haɗaɗɗen ruwan gishiri a rufe wanda ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tankin. Murjanin nan daga Indunusiya ko Ostireliya ya taso, babu irinsa a gaɓar Legas da za ka je ka ɗebo. Ranar da aka yi kuskure, in ka ce sai ka tsallaka Gadar Third Mainland neman gishiri da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, kafin ka dawo an gama.